Wa Ya Isa Ya Faɗi Asalin "Isa"?

Mai karatu, in dai kana taɓa karatun littattafan nan namu na soyayya, to na san ka sha haɗuwa da Hajiyar nan da ke saukowa daga bene cikin isa da ƙasaita, ta dubi 'yar aikin gidan sheƙeƙe. In kuwa fim ne abincinka, ba za ka iya ƙirga sau nawa ka ga uba ya nuna ɗansa da yatsa ya ce, "Kai, ba ka isa ba!" ko matar da aka zalunta ta ɗaga hannu sama tana "Allah ya isa." Fim ya ƙare, sunaye sun fara hawa, sai ga Isa Bello Ja, ga Isa A. Isa. Ka ajiye wannan ka ɗauki taswirar Jihar Sakkwato, ka kai ido can gabas wajen iyakar Zamfara da Jamhuriyar Nijar, za ka ga wani tsohon gari, shi ma Isa, maƙwabcin Sabon Birni.

Harufa uku ne kacal, kuma a rubutun boko ba abin da ya raba su sai babban harafi da ƙarami. Shi ya sa da yawanmu muke ɗauka duk abu guda ne. To, ba haka zancen yake ba. Kalmomi ne daban-daban da suka sauka a masauki ɗaya, wata 'yar gida ce, wata baƙuwa ce daga nesa, wata ma ko sallama ba ta taɓa yi mana ba. A wannan wata sawunsu za mu bi, kuma ƙasar Gobir ce ta fi dacewa da wannan aiki, domin a can zancen asali da kamannin suna ya daɗe da wuce hirar teburin mai shayi.

Bari mu fara da ƙasar kanta. Yankin Isa da Sabon Birni yanki ne na gulabe da fadamu. Bunsuru da Gagare da Gulbin Maraɗi duk a wannan shiyya suke tattaruwa su zama Rima, wadda ke gangarawa ta Goronyo da Wurno har Sakkwato. Gobirawa dai ba a nan suka fara ba. Daga Azbin suka yi ta gangarowa kudu, suka zauna Birnin Lalle, daga baya a tsakiyar ƙarni na 18, zamanin Sarkin Gobir Babari, suka kafa Alƙalawa a ƙasar da a da ta Zamfara ce. Wannan ce Gobir ɗin Bawa Jan Gwarzo, kuma a Alƙalawa ne mayaƙan jihadi suka kashe Yunfa a 1808, birnin ya koma kufai. Kufan yana cikin ƙaramar hukumar Sabon Birni ta yau. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karya rundunar Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Azbinawa, sai Mayaƙi ya kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Da rikicin gida ya raba 'ya'yan sarautar Tsibiri, Ɗan Halima ya yo kudu ya kafa Sabon Birni da yardar Sarkin Musulmi Ahmadu Atiku, wanda ya yi mulki daga 1859 zuwa 1866. Isa kuwa ribaɗi ce ta ɓangaren Sakkwato, wato garin tsaron iyaka, kuma ita ma sarautar gidanta Sarkin Gobir ce.

Yanzu dubi sunayen nan da kyau. Wasu da kansu suke ba da labarin kansu. Alƙalawa "alƙali" ne na Larabci aka liƙa masa "-awa" ta Hausa, kuma tarihin baka ya ce gonar Alƙalin Zamfara ce aka ba baƙin Gobirawa su zauna. Tsibiri kowa ya san tsibiri. Sabon Birni ma kamar ba ya buƙatar tafinta, sai dai "birni" ɗin nan da muke gani namu ne na gado, wani masanin harsuna Ba'amurke, Joseph Greenberg, ya rubuta a 1960 cewa daga Barebari muka aro shi, tare da su "kasuwa" da "karatu" da "rubutu". Ba kowane masani ne ya yarda da shi a kan kowace kalma ba, amma dai ga Birnin Gazargamu a Barno, ga Birnin Gaure a ƙasar Zabarmawa, ga Birnin Ƙonni da Birnin Kabi, kalma ɗaya a bakin al'ummu uku. Saura Isa. Ita ce ta fi su gajarta, ita ce kuma ta fi su tarko.

Mu ɗauki 'yar gida tukuna, wato "isa" ta aikatau. Ma'anarta ta farko ita ce kaiwa wuri: mota ta isa Shinkafi, fatake sun isa zango. Daga nan ne sauran suka tsiro. Abin da ya kai iyakar da ake buƙata ya isa, shi ya sa tuwo ke isa, kuɗin cefane kuwa ba sa isa. Yarinyar da ta kai munzali ta isa aure. Mutumin da ya kai matsayin da zai yi magana a ji ya isa, wanda bai kai ba a ce bai isa ba. Wanda kuma yake ji a ransa ya kai, ko ya kai ɗin ko bai kai ba, shi ne mai isa, kuma nan ne muka sake gamuwa da Hajiyarmu ta saman bene. Ka lura, mai karatu, Bahaushe ya sake bin wannan hanya sak da kalmar "kai": bai kai ba, ya kai ya kawo. Balarabe ma haka ya yi da tasa kalmar ta kaiwa wuri, "balaga", har muka aro ta muna cewa yaro ya balaga, wato ya iso.

Wannan kalma tana da zuriya mai yawa. Akwai iso da isowa, in tafiyar ta nufo inda kake. Akwai isar da saƙo. Akwai isasshe, isasshiya, isassu. Akwai "iso" na fada, wanda ba ka shiga gaban sarki sai an yi maka shi, kuma duk mai shirya fim ɗin sarauta da ya bar baƙo ya faɗa wa sarki babu iso, to ya koma makaranta. Sannan akwai "ya ishe ni". Ka ga yadda "s" ta koma "sh"? Tsohuwar ƙa'idar Hausa ce, in "s" ta zo gaban "e" ko "i" sai ta narke: fasa ta ba da fashe, rasa ta ba da rashi, gasa ta ba da gashi. Kalmomin tafiya da zuwa da ci da sha su ne ƙashin bayan harshe, ba kasafai ake aro su ba, kuma "isa" a cikinsu take zaune daram.

Sai na biyu, sunan yanka. Ka faɗe su a jere da ƙarfi ka ji: "Isa ya isa." Na farko ja ake yi, wasalinsa dogo ne, na biyu gajere ne, muryar kuma daga ƙasa take tashi. Kunnen Bahaushe bai taɓa rikita su ba, takarda ce kawai ta haɗa su. Da a ajami ne ma, ido zai raba su tun daga harafin farko, domin sunan Annabi Isa, alaihis salam, da "ainun" yake farawa, wanda almajirai ke kira an-baki-wofi. Hausa ba ta da wannan sauti na maƙogwaro, sai ta sauke shi, kamar yadda ta yi wa Aliyu da Umaru da Usmanu da ilimi da Idi. Somaliyawa kuwa suna da shi a harshensu, sun ba shi harafin "c", don haka su "Ciise" suke rubutawa. Sunan wata babbar ƙabilarsu ke nan, wadda saboda ita Faransa ta kira Jibuti Ƙasar Afar da Issa daga 1967 har zuwa samun 'yanci a 1977.

Wannan "Issa" mai "s" biyu ita ce za ka gani da zarar ka tsallaka iyaka daga Sabon Birni. Dalili kuwa shi ne a ƙa'idar Faransanci, "s" guda tsakanin wasula biyu "z" ake karanta ta, to don kada Malam Isa ya koma Iza sai aka ninka ta. Wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, ɗaya ya yi makaranta a Isa ɗaya a Tsibiri, sai ka ga takardunsu kamar ba dangi ba.

Sunan ya zo sau 25 a cikin Alƙur'ani mai girma. Manyan malaman tafsiri irin su Zamakhshari da Baidawi sun bayyana cewa asalinsa ba Larabci ba ne, suka danganta shi da "Ishu'u" ko "Yashu'u" na harsunan Suryaniyanci da Ibrananci. Larabawa Kirista "Yasu'u" suke cewa. Ta ɗaya hanyar kuma, sunan ya shiga Girkanci, ya wuce Latin, ya bazu a harsunan Turai, kuma daga wannan reshe ne Hausawa Kirista suka sami "Yesu". Yadda ainun ta baro ƙarshen sunan ta dawo farkonsa abu ne da masana suka daɗe suna muhawara a kai. A 2021 wani masanin tsofaffin rubuce-rubucen Larabawa, Ahmad Al-Jallad, ya wallafa wani rubutu da aka samu jikin dutse a hamadar arewa maso gabashin Jordan, ya karanta sunan a ciki da siffa mai kama da wadda muka sani, yana ganin an sassaƙa shi tun kafin zuwan Musulunci.

A ƙasarmu sunan ya yi tarihi. Masu sha'awar rubutattun waƙoƙi sun san Isa ɗan Shehu, Isan Kware, autan Shehu Usmanu, wanda ya yi wa waƙar "Tabbat Haƙiƙa" tahamisi bayan yayarsa Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa daga Fulatanci. Akwai Alhaji Isa Kaita Wazirin Katsina, ministan ilimi a gwamnatin Sardauna. Akwai Malam Isa Waziri na Kano mai tafsirin azumi. Sannan in ka ji an ce "Isawa" a littafin tarihi, kada ka ɗauka mutanen garin Isa ake nufi. Almajiran wani Malam Ibrahim ne na Kano, waɗanda suka ba Annabi Isa matsayi na musamman a aƙidarsu. An kashe malamin a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, mabiyansa suka watse wajen Ningi, a farkon ƙarni na 20 kuma wasu daga zuriyarsu suka haɗu da Dokta Miller na mishan a Zariya. Masu kallon finafinan Indiya, ga naku: a Hindi da Urdu "Isa Masih" ake cewa, Kirista kuma "Isai". Wato Anthony na cikin fim ɗin Amar Akbar Anthony na 1977 Isai ne. Wannan dangantaka ce ta gaskiya, domin daga Larabci sunan ya shiga Farisanci ya isa Indiya, kamar yadda ya ratso Sahara ya iso mana.

Na uku shi ne mai daɗin ji, shi ne kuma mai hatsari. A harshen Zabarmawa da 'yan'uwansu Sanwai, "isa" kogi ne. Kogin da muke kira Kwara su "Isa Beri" suke ce masa, wato babban kogi, kuma a taswirar Mali za ka ga rassansa biyu a yankin Niafunke, Issa Ber da Bara Issa. A wajen mutanen bakin wannan kogi, gaɓar dama "gurma" ce, gaɓar hagu kuma, ta ɓangarenmu, "hausa". Neil Skinner, wanda ya yi mana ƙamus, ya kawo ra'ayi a 1968 cewa daga nan ne ma sunanmu Hausa ya fito. Ra'ayi ne, ba a rufe ƙofa a kansa ba.

To ka ga inda tarkon yake. Ga gari a ƙasar gulabe, sunansa Isa. Ga harshen maƙwabta da ke kiran gulbi "isa". Kuma hulɗa tsakanin Gobir da daular Sanwai ba ƙage ba ce. Littafin Tarikhus Sudan na Tumbutu ya kawo yaƙin Askiya Muhammadu a Agadas, da yadda Kanta na Kabi ya ɓalle daga gare shi wajen 1516. Hasanul Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, a littafinsa da aka buga a Benis a 1550, ya ce Askiya ya kashe Sarkin Gobir, ko da yake masana tarihi da dama suna ɗari-ɗari da labaransa na ƙasar Hausa. Da Bajamushen nan Barth ya shiga Agadas a 1850, ya tarar ana magana da wani reshen Sanwai a birnin, kuma har yau mutanen Ingal suna da Tasawak, ɗan'uwan wancan. Azbin ɗin nan kuwa ita ce tsohuwar ƙasar Gobirawa. Mutum zai iya haɗa waɗannan a dare ɗaya, da safe ya sanar da duniya cewa ya gano asalin sunan Isa.

Kafin ka tafa masa, ka yi masa tambaya. Sunayen wurare ba su cika tafiya su kaɗai ba, garke suke yi. Inda wata al'umma ta zauna har ta raɗa wa gari suna, takan bar sawu a kan rafi da tudu da ƙauyukan kewaye. Dubi maƙwabtan Isa: Bafarawa, garin tsohon Gwamna Attahiru Bafarawa, da Gatawa da Kurawa, duk da "-awa" ta Hausa, Unguwar Lalle, Kalgo, sunan itace. Ruwan yankin kuma gulbi ake ce masa, da fadama da tafki. Kalmar Zabarmanci ƙwaya ɗaya a tsakiyar wannan garke marainiya ce, sai an kawo mata shaidu. Haka wanda ya ce ai wani mutum ne mai suna Isa ya sari wurin: Bahaushe galibi yakan ce Gidan Wane, Garin Wane, Tungar Wane, ko Ɗan Wane, kamar Ɗan Isa da ke kan hanyar Jibiya zuwa Maraɗi, don haka shi ma sai ya faɗi wane Isa, ɗan wa, a zamanin wa. Wanda kuma ya zo da labarin cewa wasu matafiya ne suka gaji suka ce "nan ya isa", ka sani kusan kowane gari a ƙasar Hausa an ƙera masa irin wannan labari bayan an riga an saba da sunan.

Hanyar bincike a buɗe take ga ɗaliban jami'a da ke neman abin rubutawa. A zauna da dattawan garin a saurari yadda suke furta sunan, ja suke yi ko gajartawa. A je Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da Gidan Adana Takardu na Ƙasa da Arewa House a Kaduna, a duba wasiƙun ƙarni na 19, a ga da ainun aka rubuta garin ko da alif. Ko nan ma da sauran taka-tsantsan, domin magatakardan da hannunsa ya saba da sunan Annabi yana iya zarcewa da ainun ba tare da ya yi tunani ba.

Sauran "isa" na duniya kuwa, kama ce kawai. A Tagalog na ƙasar Filifin "isa" ɗaya ne, na ƙirga. A Istoniya "isa" uba ne, a Finlan ma kusan haka. Wadda ta fi ruɗi ita ce ta Indiya. A tsohon harshensu na Sanskirit akwai "isha", ma'ana ubangida, mai iko, mai mallaka. Ita ce a ƙarshen sunan Rajesh Khanna, wato "raja" da "isha", ubangidan sarakuna. Ita ce a Jagdish da Ganesh. Sauti ya yi kama, ma'ana ma ta yi kama da isa da mulkin Hajiyarmu. Na san akwai wanda zai ce, shi ke nan, ashe shi ya sa muke son finafinansu! Amma mun riga mun ga tushen tamu kaiwa wuri ne, iko daga baya ya shigo, tasu kuwa da mallaka ta fara. Sanskirit dangin Farisanci ne da Girkanci da Turanci. Hausa kuwa dangin Bolanci ce da Angas da Margi, kuma daga nesa 'yar'uwar Larabci da Buzanci da Somaliyanci. Masu iya magana sun gama zancen tuni da suka ce kama da wane ba ta wane.

Lissafi ne ma mai sauƙi. Harsunan duniya sun kai wajen 7,000, sautukan da bakin ɗan Adam ke amfani da su kuwa 'yan kaɗan ne. Wasali, baƙi, wasali: sau nawa za a jujjuya su ba a yi karo ba? "Hannu" namu da "hand" na Bature sun yi kama, ba abin da ya haɗa su. A wani harshen Ostireliya mai suna Mbabaram, kare "dog" ne, daidai da Turanci, kuma masana sun tabbatar ba aro ba ne. Dangantakar gaskiya a tsari ake ganinta. "Mutu" namu da "mautu" na Larabci, "suna" da "ismu", "me" (ko "mi" a bakin Basakkwace) da "ma", da "ta" ta mace wadda ke cikin ta tafi, take kuma a farkon aikatau na mace a Larabci, waɗannan ne masana suka jera suka ce lallai kakan harsunan ɗaya ne. Aro kuma yakan zo da tambarinsa. "Lisha" ba ta da haɗi da "isa" ko kaɗan: "al-isha'i" ce, muka haɗiye "a" muka bar "l", kamar liman da lahira da lada.

Kana iya cewa, to mene ne abin zafi a nan? A Gobir akwai shi. Muhammadu Bello, a littafinsa Infaƙul Maisuri na 1812, ya kawo labarin da aka ba shi cewa sarakunan ƙasashen Hausa zuriyar wani bawan Sarkin Barno ne, amma ya cire Gobirawa, ya ce su 'ya'ya ne domin asalinsu Kibɗawan Misira ne. Clapperton, wanda ya ziyarci Bello a Sakkwato a 1824, ya tafi da wani yanki na wannan bayani, aka fassara shi aka buga a Ingila a 1826, daga nan Turawa suka yi ta nanatawa. Ka ga a wancan zamani zancen asali zance ne na wane ne ɗa, wane ne bawa. Daga baya sai aka riƙa kafa hujja da sauti, wai Gobir da Kibɗi ai kalma ɗaya ce. Ka auna su da kanka: in ka cire "b", me ya rage? "Kibɗi" dai an san tushenta, daga sunan da Girkawa ke kiran Misira ta fito. Gobir kuma tsohon suna ne mai zaman kansa, tun a 1353 Ibn Batuta, yana Takadda, ya ambaci ƙasar da masana suka karanta a matsayin Gobir cikin wuraren da ake kai tagulla. Labarin fitowa daga gabas gadon Gobirawa ne, suna da haƙƙin riƙe abinsu, kamar yadda abokan wasansu Yarbawa suke riƙe da nasu na Lamurudu. Abin da nake ja da shi shi ne a ɗauki kamannin harufa a ce hujja ce.

Marubutanmu da masu shirya finafinan tarihi, da ku nake. Yaron da ya ji wani "asali" a bakin jarumin da yake so, ya riƙe shi ke nan har tsufa, ba littafin farfesan da zai goge masa. In labarin ƙage kake rubutawa, ƙaga abinka, amma kada ka sa wa dattijon cikin labarin rawanin malanta ya zauna yana fassara sunayen garuruwan mutane da ka.

Yau kuwa, a Isa da Sabon Birni, tambayar "wa ya isa?" ta daina zama ta nahawu. Tun daga 2019 dubban mutanen yankin suka tsallaka zuwa Jihar Maraɗi gudun 'yan bindiga. An ɗora wa ƙauyuka haraji kafin su yi noma ko girbi, sunan Bello Turji ya zama abin da yara suka sani. A Disambar 2021 aka tare motar matafiya a yankin Sabon Birni aka cinna mata wuta da mutane a ciki. A ƙarshen Yulin 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa a hanyarsa ta komawa gida daga Sakkwato, duniya ta gan shi a bidiyo a ɗaure yana neman agaji, a watan Agusta aka sami labarin rasuwarsa a hannunsu. Sunansa Alhaji Isa Muhammad Bawa. Allah ya jiƙansa.

A irin wannan hali Bahaushe magana biyu yake yi, kuma rubutun boko ya sa muna ɗauka iri ɗaya ce. "Allah ya isar mana" addu'a ce, roƙo ne, "ya" ɗinta gajere. "Allah ya isa" kuwa labari ne, "ya" ɗinta dogo, irin na "ya zo" da "ya tafi": mai maganar yana shaida cewa Allah ya wadatar, ya miƙa ƙararsa, ba ya neman wani alƙali. Bakano sai ya kasa kunne kafin ya ji bambancin. A bakin Bagobiri da Basakkwace kuwa a fili yake, domin su addu'a da "shi" suke yin ta: Allah shi jiƙan sarki, Allah shi isam muna. Ɗayar kuma ba ta canzawa, daga Gatawa har Tsibiri "Allah ya isa" ce.